Gurbin Sunan Toktosun

Ilgiz, ɗan yayata Burul, ya same ni a tashar motoci masu zuwa Narin da ke Bishkek, babban birninmu, riƙe da sukudireba. Ya ja hular rigarsa ta rufe masa goshi, ya ɗora baƙin gilashi, sai ka ce wanda ya saci akuya. Duk da haka wasu 'yan mata masu sayar da samsa sun gane shi, suna ta zungurar juna.

"Tayake, buɗe min motar." Haka ake kiran kawu a wurinmu.

Na buɗe. Ya shiga gaba, ya sunkuya, ya fara kwance rediyon.

"Rediyon nan ya girme ka," na ce. "Me ya yi maka?"

"Gobe za ka ɗauko Apa, uwata. Ba na so ta ji komai a hanya. Kada ka ɗauki fasinja, ni zan biya kujerun. Kada ka tsaya cin abinci a Kochkor, can ma suna sawa. In ka shigo gari ka bi ta baya, ban da kasuwa."

Ban tambaye shi dalili ba, domin na sani. Shi ma ya san na sani. Ya zaro rediyon da wayoyinsa suna reto, ya rungume shi a cinya, ya zauna yana kallon gaba. Na zuba masa shayi daga fulas. Na daɗe da lura cewa idan ka miƙa wa mutum shayi ka kame bakinka, abin da ke cikinsa zai fito da kansa.

"In ta ji," ya ce, "ba za ta sake ɗaga min hannu ba har ta mutu."

A wurinmu yaro ba ya fara komai sai uwarsa ta buɗe tafukanta ta sa masa albarka. Ranar da Ilgiz ya bar ƙauye zai je birni ya yi waƙar hip-hop, ubansa Toktosun ya shige garke ya ƙi fitowa. Burul ce ta tsaya a bakin hanya ta ɗaga masa hannu. Da wannan ya rayu shekarun da yake kwana a situdiyo, wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da suka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai.

Toktosun ya rasu cikin hunturu. Doki ne ya zame da shi a kan ƙanƙara. Muka kafa bukkar ulu a tsakar gida, muka yanka doki, mata suka shiga ciki. Burul ta zauna ta juya fuskarta ga bango, ta dafa ƙugu, ta ɗauki koshok, kukan da mace ke rera wa mamacinta. Ban san yayata tana da irin wannan murya ba sai ranar. Kowane baiti ta ɗauko, da sunansa take rufe shi.

Dokinka na tsaye da sirdi, wa zai hau, Toktosun.
Ka bar min ƙofa a buɗe, iska na shiga, Toktosun.

Ilgiz yana waje, ya jingina da bangon bukkar kamar sauran maza. Yana da wata ɗabi'a tun yana koyon sana'a: duk abin da ya yi ƙara sai ya ɗauka a waya, ƙofar mota ce ko guduma ko mai tallar madara. Ya ce min bai ma san lokacin da yatsansa ya danna ba. Na yarda da shi.

Da kaka faifansa ya fito. Waƙar ƙarshe a cikinsa an gina ta a kan muryar Burul. An ƙara mata sauri har ta siranta, ta koma kamar ta budurwa, aka shimfiɗa mata ganga mai nauyi a ƙarƙashi, Ilgiz yana zuba kalmominsa a tsakani. Sunan kuwa an cire. Daniyar, mutumin kamfanin da ya fitar da faifan, shi ya ba da wannan shawara. Ya ce waƙa mai suna ta gida ɗaya ce, wadda ba ta da suna ta kowa ce. Inda sunan yake sai aka bar gurbi, kiɗa ya ɗauke na ɗan numfashi guda, sannan ya dawo.

Ni a mota na fara jin ta, daga wayar wani soja da ke zaune bayana. A bayan Burul na girma, ko da an mai da muryarta ta sauro zan gane ta. Na riƙe sitiyari na ci gaba da tuƙi.

Faifan ya kama kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Shagon aski, motar haya, wurin wankin mota, duk ita ce. Ka kira mutum a waya, kafin ya ɗauka ita za ta gaishe ka. An manna fuskar Ilgiz a bangon bene mai hawa da yawa, an gayyace shi Almaty da Moscow. Mutane sun ɗauka waƙar soyayya ce, yarinya tana kiran saurayin da ya tafi. Kuma ba wanda ya koya musu, da kansu suka gano amfanin gurbin. Idan kiɗa ya ɗauke, kowa sai ya ƙwala sunan wanda yake so. A gidan biki kuwa, baƙi gaba ɗaya sunan ango suke kira.

Burul ba ta ji ba. Shekara guda tana cikin baƙaƙen kaya, an rufe talabijin da mayafi, ba ta zuwa biki, ba a kiɗa kusa da gidanta. 'Yan ƙauyen da suka gane muryar sun haɗiye abinsu. Amma mun yi sadakar shekara, an cire mata baƙi, yanzu ga auren 'yarta Kanishai ya zo, kuma a Bishkek za a yi.

"Ka je wurin Daniyar?" na tambaye shi.

"Na je. Na ce a janye ta, a ɗauki duk abin da ta kawo. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, 'Ɗan'uwa, ko ni na mutu yau waƙar nan ba za ta zo jana'izata ba, tana da biki.' Ya ce in na goge ta a wuri ɗaya, tana wayar kowa."

"Mai sa kiɗan bikin fa?"

"Na yi magana da shi, na yi da sanƙira. Sun rantse. Kanishai ta roƙi angonta Ermek, ya ce to, amma bai san dalili ba. Ta kasa gaya masa. Ta ce min, 'Baike, yayana, ni kaina na yi rawa da ita kafin in gane.' Tun ranar ba ta kalle ni a ido ba."

Ya shanye shayin, ya fita da rediyona a hammata.

Washegari da sassafe na ɗauko Burul. Ta sa riga shuɗiya da farin ɗankwali, ta cika min bayan mota da nama da curin cuku da barguna da ta ɗinka wa amarya. Ta shiga gaba, ta ga ramin da rediyo ya bari.

"Ɓarayi?"

"Gyara, eje." Da wannan muke kiran yaya mace.

"Gara haka. Kai dama ba ka magana, ni kuma na gaji da shiru, sai in yi ta yi kana ji."

Ta yi ta yi kuwa. Farashin ciyawa, tunkiyar da ta haifi uku, surukan da ba ta gani ba sai sau ɗaya. Uban ango, Mirzabek, babban ɗan kasuwa ne, ta ce hannunsa laushi kamar ƙullu, ba ta san yadda za ta yarda da namiji mai irin wannan hannu ba. Da muka wuce Kochkor ban tsaya ba, ta ce, "Yunwa za ka kashe ni da ita kafin in ga auren 'yata?" Na miƙa mata burodi.

Mai ne ya tilasta min tsayawa. Ina tsaye ana zuba min, sai na ji gangar nan ta taso daga wani kanti a gefe. Na zura hannu ta taga na danna hon, na riƙe. Mai zuba man ya daka tsalle. Na riƙe har na biya, har na tada mota.

"Ka haukace ne?" in ji Burul.

"Maƙalewa ya yi."

"Komai na motarka ya tsufa, har da direban."

A bakin gari muka ci karo da hoton. Ilgiz ne, tsawonsa ya kai hawa biyar, ya harɗe hannu yana harara. Ta sa na rage gudu. Ta daɗe tana kallo.

"Ya rame," ta ce. "Kuma wa ya ɓata masa rai? Me yake faɗa a waƙoƙin nan da har aka rataye shi a bango?"

"Zancen rayuwa, eje. Gari, wahala."

"Da ubansa ya gani." Ta gyara ɗankwali. "Da ya ce ɓarnar fenti ce. Amma da dare zai sa a kawo shi ya sake gani."

Bikin ya fara da la'asar a wani babban zaure mai fitilu kamar inabi. Tebura sun cika har ba wurin ajiye cokali, soyayyen ƙullun nan boorsok a warwatse tsakanin faranti, kazi na naman doki, 'ya'yan itace. Amarya da ango suna can sama a teburinsu, bango a bayansu an lulluɓe shi da farin yadi. Ni ina kusa da Burul. Ilgiz bai zauna ba. Yana tsaye kusa da mai sa kiɗa kamar mai gadin fursuna, ko ruwa bai sha ba.

Sanƙira yana kiran dangi rukuni rukuni, su fito su yi fatan alheri, wani ya yi waƙa, a koma a ci. Abin yana tafiya. An kusa kawo naman ƙarshe, na fara cewa mun tsira. Sai Mirzabek ya karɓi makirufo. Fuskarsa ta yi ja, yana murmushi har kunne.

"Jama'a, ni ba mawaƙi na ɗauko haya ba. Ni da mawaƙi na haɗa zuri'a." Aka yi dariya. "Duk ƙasar nan ana rawa da waƙar surukina, a bikin 'ya'yan wasu. Yau a bikin ɗana za a ce babu? Ilgiz, ɗana, zo."

Ilgiz ya fito. Ya gaishe da manya, ya ce zai yi wata sabuwa da ya shirya wa ƙanwarsa. Ya yi ta. Aka tafa masa tafin ladabi.

"Wannan ta ƙanwarka ce," in ji Mirzabek. "Saura tamu."

"Mirzabek-ata, maƙogwarona ya kama."

"A kawo masa shayi da madara. Ko kuwa mun yi ƙanƙanta ne? Moscow ta ji, mu ba za mu ji ba?"

"Ba ta dace da nan ba, ata. Don Allah."

"Ji min yaro. Waƙar da aka aurar da rabin Bishkek da ita."

Na ga Kanishai ta kama hannun Ermek tana masa magana a kunne. Ya miƙe zai ce wani abu. Amma abokansa sun riga sun fara. Ba su jira kiɗa ba, tebur suke bugawa da tafin hannu, suna rerawa da bakinsu, wani tebur ya karɓa, wani ya karɓa. Ilgiz ya juya yana girgiza wa mai sa kiɗa kai. Mirzabek ya taka da kansa, ya dafa kafaɗar mutumin, ya ce masa wani abu. Wanda ya biya kuɗin zaure shi ake ji. Ganga ta faɗo.

Fili ya cika nan take. Burul tana riƙe da kofin shayi, tana ɗan gyaɗa kai, tana neman ɗanta da ido cikin taron. "Wace yarinya ce wannan?" ta ce min. "Muryarta kamar an matse kyanwa."



Dokinka na tsaye da sirdi, wa zai hau.

Kiɗa ya ɗauke. Zauren gaba ɗaya ya ce, "Ermek!"

Kanta ya daina motsi.

Ka bar min ƙofa a buɗe, iska na shiga.

"Ermek!"

Ta ajiye kofin a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ba ta kalle ni ba.

"Wa suke kira?"

"Ango, eje."

"A wurin sunan wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai ma ka sani," ta ce. Ba faɗa a muryarta. Ta dafa tebur ta miƙe.

Na ɗauka waje za ta yi. Ilgiz ma haka ya ɗauka, ya taho yana ture mutane zai tare ta a ƙofa. Amma sai ta ratsa masu rawa, ta hau inda amarya da ango suke, ta wuce bayansu. Ta durƙusa, ta juya fuskarta ga farin yadin nan, ta dafa ƙugu.

Ba ta da makirufo, kuma kiɗa yana tashi. Na kusa ne suka fara ji. Kakar ango, wata tsohuwa mai haƙoran zinariya, ita ta fara gane cewa sunan mai rai aka kira a gurbin mamaci. Ta kama bakinta, sannan ta finciko jikanta daga kujera ta rungume kansa kamar za a ƙwace shi. Sauran tsofaffin mata suka miƙe. Wani ya zare wayar lasifika. Sai muryar Burul kaɗai ta rage, ta ainihi, mai kauri, a hankali.

Daga farko ta ɗauko. Baiti bayan baiti, kuma duk inda ta zo ƙarshe sai ta sauke sunan da ƙarfi, kamar mai kafa turke. Toktosun. Toktosun. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta san abin da take yi wa bikin 'yarta. Kanishai tana tsaye cikin farar riga, hawaye na wanke mata kwalliya. Masu rawar da suka kira sunan ango suna tsaye da hannuwa a sake. Ta bayan zaure na ga wayoyi suna ɗagowa, ɗaya bayan ɗaya.

Da ta gama ta shafa fuska, ta miƙe, ta juyo. Ta buɗe tafukanta. Ba wanda ya isa ya ƙi, duk muka buɗe namu. Ta roƙa wa Ermek tsawon rai har ya ga jikokin jikokinsa. Ta maimaita wannan sau da yawa. Ta roƙa wa Kanishai kada ta taɓa koyon waƙar da aka ji yanzu sai gashinta ya yi fari. Muka shafa.

Ba a sake rawa ba. Aka kawo nama, mutane suka zuba rabonsu a leda suka fara zamewa tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Mirzabek yana bakin ƙofa yana sallamar baƙi, fuskarsa kamar toka. Da Ilgiz ya zo wucewa ya ce masa, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Da ka buɗe baki ka faɗa min, da na fasa lasifikar da hannuna."

A wurin ajiye motoci Ilgiz ya durƙusa a gaban uwarsa, a kan kwalta, da kwat ɗinsa mai tsada.

"Apa."

"Tashi, kana ɓata wando."

Bai tashi ba.

"Ɗaukar da ka yi ban ce komai ba," ta ce. "Ubanka ne, kai ma kana da rabo a kukansa. Amma koshok ba ya zama ba mai shi. Ka cire mai shi, ka sake shi cikin gari da baki a buɗe. Gidaje nawa ya shiga?"

"Ban sani ba, Apa."

"Angwaye nawa aka kira a ciki?"



"'Ya'yan mutane ne. Suna da uwaye." Ta gyara ɗankwalinta. "Na rufe na gidana. Saura na sauran. Ka mai da ubanka wurinsa. Ranar da na ji ta a bakin titi da sunansa a ciki, ka zo in ɗaga maka hannu."

Ya kama gefen rigarta. Ta zare a hankali, ta shiga mota, ta ce min, "Mu tafi. Ba zan kwana a garin nan ba."

Ilgiz ya gwada. Wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Cikin mako ya koma situdiyo, ya mai da muryar yadda take, ya mai da sunan kowane gurbi. Ya ɗauka sai ya yi yaƙi da Daniyar. Ashe Daniyar har ya riga shi, domin hoton Burul tana fuskantar bango ya zaga ko'ina, kowa yana son ya ji labarin. Aka fitar da sabuwar. Mutane suka saurara sau ɗaya, wasu suka yi kuka, suka rubuta kalamai masu daɗi. Sannan suka koma wa tsohuwar, don ita ce ake iya rawa da ita. Faifan ya ƙara sayuwa fiye da da. Wasu gidaje sun hana ta a bikinsu. Da yawa ba su hana ba, sun ce camfin ƙauye ne.

Ilgiz ya daina yin ta a taro, sai taro ya riƙa yi masa. Na je na gani da idona a filin wasa, da rana tsaka, ranar wani bikin gari. Suka buga ƙafa, suka rera da kansu. Da ya ga ba makawa sai ya jira gurbin, ya haɗa makirufo da bakinsa, ya kira sunan ubansa har jijiyar wuyansa ta fito. Ina kusa da lasifika, amma ban ji shi ba. Mutum dubbai ne, kowa da sunan da ya zo da shi.

Bayan an tashi na same shi a bayan dandali, zaune a kan akwati, an rufa masa tawul.

"Ka ji, tayake?"

"Na ga bakinka."

Ya dawo min da rediyona, ya ɗaura da kansa. Yanzu idan waƙar ta zo ina tuƙi ba na kashewa. Ina jiran wurin, in faɗi sunan, ba da ƙarfi ba. Wani lokaci fasinja ya tambaye ni wane ne Toktosun. In hanya da sauran tsawo, sai in gaya masa.

Duk sanda na kai At-Bashi, ƙauyenmu, nakan biya wa Burul da saƙon Ilgiz, shayi ne ko magani ko takalmin sanyi. Tana karɓa, tana tambaya ko yana cin abinci. Sai na tashi tafiya, ta rako ni bakin mota, sannan take tambaya.

"Sunan ya koma wurinsa?"

"Tukuna, eje."

Sai ta zura hannuwanta cikin hannun riga, ta juya ciki.